Mai Hoton Ƙashi da Kwarin Ƙasusuwa

A asibiti da coci duk Baba Mai-hoto ake ce masa, don shi ke ɗaukar hoton ƙashi a wani ɗaki mai sanyi, marar taga, can ƙarshen baranda. Ya tsufa yana cewa mutane su ja numfashi su riƙe. Ran Lahadi kuma shi ke koyar da matasa Littafi Mai Tsarki, kuma wallahi ba ya ƙaunar a ce masa abu asiri ne. Wata ya zama jini a wahayi? Husufi ne, har da lemo da tocila yake zuwa ya nuna. Taurari sun zubo? Duwatsun sama ne ke ƙonewa. A ganinsa annabawa sun ga gaskiya, kayan aiki kawai suka rasa.

Matarsa, mai ɗinki, takan yi masa tsiya cewa wata rana sai ya kwance wa mala'iku fukafukai ya auna. Shi kuwa ya ce tsoronsa kada yaran nan su shiga jami'a a yi musu dariya su bar coci.

Wahayin da ya fi so shi ne na kwarin da ke cike da busassun ƙasusuwa, waɗanda suka haɗu suka tashi da rai. Nan fa fagensa ne. Yakan kawo tsofaffin hotunan karaya ya ɗaga a taga, ya nuna yadda ƙashi ke neman ɗan'uwansa ya manne.

Sai ciwon baya ya kama matar. Ta ɗora wa keken ɗinki laifi, ta yi ta shafe-shafe, har ranar da ta kasa miƙewa daga kujera. Shi da kansa ya kwantar da ita a teburin aikinsa. Da hoton ya fito ya ɗora a fitila, sai ya ƙura masa ido. Ƙashin bayanta duk huji-huji, kamar gara ta ci katako. Ya ga irinsa sau da yawa, ya kuma san ba ɗaya daga cikin masu shi da ya daɗe. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya ce mata sai likita ya duba. Ta kalle shi kawai, ta ɗaura ɗankwalinta.

Watanni ta yi a kwance. Wata safiya yana shafa mata mai, ta ce ya bar ɓoye-ɓoye, ta gani a fuskarsa tun ranar ɗaukar hoton.

"Baban yara, ƙasusuwan cikin kwarin nan, lafiyayyu ne da suka bushe, ko har da cinyayyu irin nawa?"

Duk hotunansa na ƙashi mai rai ne, mai jini a ciki. Bai taɓa ganin matacce ya manne ba.

"Ban sani ba," ya ce.

"To karanta mini haka nan. Kada ka yi bayani."

Ya karanta, ta rufe ido tana saurare.

Bayan an binne ta fasto ya roƙe shi ya koma aji. Ya koma. Ya karanta wahayin har ƙarshe, ya rufe. Matasan suna ta jiran ya ɗaga hoto a taga kamar kullum. Hoto ɗaya ne a jakarsa, nata, bai kuwa fito da shi ba.