Tukunyar Biki a Kan Rufin Motata

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa tasi a New York, ina ganin babu wani abu mai taya da zai gagare ni, na tashi da ƙafata na je na sayo wa kaina wahala. Motar gida ce, irin dogayen nan da Amurkawa ke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Wurin wani tsohon Bature na saye ta, can bayan gari. Da zai miƙa min makulli sai ya nuna min wata 'yar takarda da ya manna kusa da sitiyari, an rubuta tsayin motar daga taya zuwa rufi. Ya ce ko me zan manta, kada in manta da wannan lamba. Na ce masa shekarata tara ina tuƙi a garin nan. Ya dube ni ya yi murmushi kawai.

Tun ranar da na shigo da ita unguwarmu ta Soundview na san na ɗebo ruwan dafa kaina. Wurin fakin ɗin mota uku take ci ita kaɗai, a unguwar da mutum zai zaga layi sau biyar bai sami inda zai cusa ƙaramar mota ba. Ranar sharar titi kuwa sai an gusa da ita ɗaya gefen, ni da ya kamata ina can ina neman fasinja ina nan ina zagaye da gida guda. In ka sha kwana da ita, kai ya wuce, gindin kuma ya tafi neman abin da zai mara. Hanyoyin nan masu kyau da na saba bi da tasi an haramta mata, saboda gadojinsu gajeru ne. Hanyoyin ramin da ke bi ta ƙarƙashin kogi ma ba ta shiga, saboda tukunyar gas da ke jikinta. Tankin banɗaki in ya cika, sai ka fita gari gaba ɗaya kafin ka sami inda aka yarda a zubar. Mai kuwa, ba ta san an sha an ƙoshi ba. Matata ta daina kiranta mota, sai dai ta ce, "Ka je ka duba abar nan taka, wani ya sake manna mata takardar zagi."

Shekara guda ina shan wannan tsiya. Sau biyu tak muka fita yawo da ita.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga gida. Ƙanwata da ke aure a wani gari a Maryland tana da cikin fari, bayan shekaru ana jira ana addu'a, shi ne Inna ta ce ko da rarrafe sai ta zo. To zaman jirgi ya tayar mata da tsohon ciwon baya. A keken marasa lafiya aka fito min da ita. Likita ya ce ta kwanta, kada ta zauna fiye da 'yan mintoci. Tana kwance a gidana haihuwa ta zo kafin lokacin da aka sa rai, aka sami mace. Inna ba mai yawan magana ba ce, balle da ni ɗan fari da ko sunana ba ta kira. Amma ranar ta ce, "Kai, haihuwa ta wuce ni. Kada suna ya wuce ni."

Wallahi sai da na ji wani daɗi a raina, Allah ya yafe min. Tafiyar awa huɗu ce, ba ta iya zaman mota, ba ta iya zaman jirgi, amma ga gado nan a bayan motata. Yau dai za a san ban yi wauta ba. Na kira mijin ƙanwata, ya ce zai roƙi liman a ɗaga raɗin suna zuwa bayan azahar don mu iso. Muka tsayar da magana za mu tashi ana idar da asuba.

Abin da ban lissafa ba shi ne saƙo. Kun san halinmu. Mutum ba ya tafiya shi kaɗai, ko da a Amurka ne. Tun la'asar ta jajibere aka fara sallama. Wannan ta kawo kular waina, waccan buhun shinkafa, wani tabarmi guda shida, wata gadon jariri da 'ya'yanta suka girme. Kowa bakinsa ɗaya: tunda gida guda za ka ja, ai wuri ba zai gagara ba. Kafin magariba ciki ya cushe, sai 'yar hanya siririya da na bari daga gado zuwa banɗaki saboda Inna. Na rufe ƙofa na ce an gama.

Sai ga shugabar matan unguwarmu. Hajiya ce babba, ita ta tsaya wa matata a jegonta biyu, ita ta yi mata wankan da uwa ke yi. Ta zo an riƙo mata tukunyar ƙungiya, katuwar nan ta dafa shinkafar biki wadda babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa.

"Ɗana, ƙanwarka ta aiko a ara mata. Can garin nasu ba su da irinta."

"Hajiya, wallahi ko ƙofar motar ba za ta shiga ba."

"Haba ɗana. Mota kamar masallaci?"

Wani abokina yana tsaye a wurin. Mutumin Zango ne na Kumasi, a da yaron babbar mota ne kafin ya zo nan, kuma ba ya gajiya da ba da labarin yadda yake ɗaure kaya. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce, "Ɗan'uwa, ƙasa ta cika, sama ba kowa. Ba ni igiya." Kafin in buɗe baki ya haye tsanin da ke bayan motar. Aka miƙa masa tukunya ya kifa ta a gaban akwatin iyakwandishan da ke kan rufin. Da mata suka ga sama ta buɗe, sai aka ƙaro kujerun roba da murhu. Ya rufa tamfol, ya bi da igiya yana taka ta da ƙafa yana ja, irin ɗaurin tasha sak. Mata suna ta sa masa albarka.

Ina kallo fa. Na ga tukunyar ta zarce akwatin iyakwandishan da kusan kamu biyu. Matata ta matso ta ce a hankali, "Ka auna kuwa?" Na dubi Hajiya tana ta yi min addu'a, na ce wa matata na san motata.

Da safe muka kwantar da Inna, muka tattare ta da matasai. Matata ta zauna kusa da ita, abokina a gaba tare da ni. Daga layinmu zuwa babbar hanya dole sai ka ratsa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wannan da ke bi ta saman titi a kan ginshiƙan ƙarfe. Na ratsa ta da motar nan ya fi a ƙirga, duk ranar shara ta nan nake zagayowa. Allon tsayin gadar yana nan rataye, takardar tsohon Bature tana gaban idona, lissafi ya yi daidai kamar kullum. Ko birki ban taɓa ba.

Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Motar ta tsaya cak kamar an kama ta ta wuya, kuloli suka zubo, waina ta watse har ƙarƙashin ƙafata. Daga baya na jiyo Inna tana salati. Na sa giyar baya, ina! Na sa ta gaba, ko motsi. Layi uku kacal daga gida.

Na fito na ɗaga kai. Tukunya ta shige ƙarƙashin ƙarfen gada ta lanƙwashe ta maƙale, ta tura akwatin iyakwandishan baya ya ɓalle, ya yage rufi ya bar rami. Abokina ya zaga ya duba da kyau, ya dawo ya ce min, "Ka ga igiyata? Ko ɗaya ba ta tsinke ba." Jama'a, da ta tsinke ai da tukunya ta faɗi mun wuce abinmu! Allah ne kaɗai ya riƙe hannuna a safiyar nan.

Kafin minti goma titi ya cushe, masu tafiya aiki suna ta danna hon, direban bas ya leƙo yana faɗa min maganganun da ni kaina nakan faɗa wa wasu in ina cikin tasi. Ɗan sanda ya iso, ya dubi sama ya daɗe, ya tambaye ni mene ne wancan. Na ce tukunya ce. Ya ce ta me? Na ce ta shinkafa. Ya tambaya ko na san tsayin motata, na nuna masa takarda da saurina. Ya ce, "Wannan na motar ne. Na tukunyar fa?"

Na roƙe shi. Na ce ga mahaifiyata kwance, ga inda za mu, a bar mu mu yanke igiya mu fizge abin mu tafi. Ya leƙa ya gaishe ta da ladabi, amma ya ce duk abin da ya daki gadar jirgi, ba a taɓa shi sai ma'aikatan jirgi sun zo sun duba ƙarfen, don rayukan mutane ke bi ta sama. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ma ta fi ciwo. Muka zauna jira. Jirgi ya wuce ta kanmu, wani ya sake wucewa, ina duba agogo ina lissafi: in mun tashi ƙarfe tara za mu iso, in goma ma da gudu za mu iso. Bayan masu duba gada sai jiran motar janwe, kuma ba kowace ke jan irin wannan ba, sai babba.

Abokina, da jikinsa ya fara sanyi, ya ruga ya ɗauko ƙaramar motarsa, ya kwantar da kujerar gaba, ya ce a sa Inna a ciki su tafi. Inna ta ce a gwada. Muka tallabe ta ni da matata. Taka matakala biyu na ƙofar ne ya gagara. Ta dafe kafaɗata, na ji yatsunta sun nutse, gumi ya karyo mata. Matata ce ta ce, "A mayar da ita, don Allah." Muka mayar.

Sai da aka sace iskar tayoyi duka motar ta ɗan duƙa, sannan aka ja ta da baya tana kuka. Aka kai mu wani gareji a nan kusa. Makaniken ya hau ya duba, ya ce da ramin nan da wayoyin da ke lilo, in na hau babbar hanya iska za ta ɓare sauran rufin a kan na bayana. Lokacin sha biyu ta gota.

A filin garejin muka yi azahar. Can sai wayata ta yi ƙara, mijin ƙanwata ne ya kira ta bidiyo. Ya ce liman ya jira iyakar jira, mutane za su koma aiki. Na kai wa Inna wayar na riƙe mata. Tana kwance cikin sabon leshinta, hasken rana yana zubowa ta ramin rufi a kan ƙafafunta. Muka ji an yi addu'a, aka faɗi suna. Sunan Inna ne. Ashe abin da suka ɓoye mata ke nan, suna so ta ji da kunnenta a tsakiyar jama'a. Ta can mata suka ɗauki guɗa, ƙanwata tana kuka tana cewa, "Inna, kin ji? Inna?" Inna ta ce, "Na ji. Allah ya raya." Ta ture wayar a hankali, ta juya fuskarta ga bango.

Sai bayan kwana uku aka liƙe rufin muka tafi, ba ko tsinke a sama. Inna ta ɗauki takwararta, ta yi mata wasa, ta zauna har arba'in. Ba ta taɓa ɗaga min maganar ba, ko da wasa, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Motar kuwa na rabu da ita kafin sanyi ya shigo, maƙwabta har da yi min barka.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan abokina, da Hajiya, da garin da aka gina ba don manyan motoci ba. Amma ni na san lambar nan, ni na ga tukunyar ta zarce, kuma an tambaye ni ko na auna. Kunyar minti ɗaya na kasa ɗauka a gaban matan unguwa, sai na ɗora wa tsohuwar da ta ƙetare teku don yini guda. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji kamar jiya.

Bara muka je musu hutu. Yarinyar ta girma, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ɗauko hotunan sunanta tana nuna min mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya ta ce ina Kaka, ba an ce ta zo ƙasar nan saboda ita ba? Uwarta ta yi caraf ta ce ai ranar Kaka ba ta da lafiya. Na so in yi shiru in bar shi a haka. Sai na ce, "Kakarki ta shirya tun asuba. Kawunki ne bai kai ta ba."