Ƙullin Ƙwayoyin Iya Aduke

Iya Aduke yayar mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗoriya tana ɗaurin adire a Itoku, cikin Abeokuta: ta tsunkuli yadi, ta naɗe da zare, ta ja da haƙori, sannan a kai rini. Yatsunta duk sun kumbura, bakinta kuwa ba ya hutawa. Tun da na gama karatun harhaɗa magunguna take kirana Dokita Shiru.

Kowace safiya wata mai talla kan ajiye mata akapo, ƙwayoyi biyar a ƙullin leda, ba suna ba kwali. Da koko take korawa. Na san tana da hawan jini. Na kuma gane biyu a ciki: magungunan kumburi ne, masu ƙara hawan jini, ɗayar ma tana matse jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Amma a gidanmu yarinya ba ta bincikar abin da babba ke sha. Sau uku ina durƙusawa da niyyar faɗa, in gaishe ta kawai in tashi.

Wata Laraba da hantsi, Iya Aduke tana cikin yi wa Iya Bisi maƙwabciyarta tsiya wai ɗaurinta kamar na makaho, sai maganar ta cakuɗe. Leɓenta na dama ya zubo. Ta dube ni, tana motsa baki.

Matan da ke ɗauri a wurin suka ce gajiya ce. Iya Bisi ta kwance nata akapon, ta aika a kawo ruwa. Ban san lokacin da na riƙe hannun Iya Bisi ba.

"Mama, don Allah kada ku ba ta."

Iya Bisi ta ce, "Ji min yarinya. Da ƙarfinsa muka yi kuɗin karatun naki."

Ban saki ba har aka tsayar da mota.

A asibiti likita ya ce jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwarta. Ya ce ba zai rantse ƙwayoyin kaɗai ba ne, amma sun taimaka. Ya tambaya ko babu wanda ya san tana sha. Na ce ni na sani.

Wata biyu ke nan. Tana takawa da sanda, hannun dama bai dawo ba, kalmomi na zuwa mata ɗai-ɗai. Kullum kafin in gaishe ta sai na fara duba leɓenta.