Taunar Dada Ta Tafi Kano

Wata Asabar ce ta kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare, ranar da aka gama cirar gyaɗa a gonarmu ta bayan Toranke. Rana ta take tsaka, maza sun tara harawa tuli-tuli sun koma inuwa, ni kuma na iso daga gida da ƙwaryar fura da Inna ta dama ta aiko ni da ita. Kakata Dada, mahaifiyar Baba, tana zaune a gindin tsamiya tana tsinkar gyaɗa, ta ce in ajiye mu sha tare. Na zauna gab da ita, gwiwata na taɓa tata. Haƙoranta sun yi saura kaɗan a lokacin, don haka in ta kai ludayi baki sai ta ja furar da doguwar zuƙa, ta mamula, ta haɗiye. Ina jin wannan ƙarar sai ƙirjina ya ɗauki zafi, tafin hannuna ya jiƙe, wani irin fushi ya taso mini wanda ban san inda ya fito ba. Kafin ta sake kai ludayin baki na ture ƙwaryar, fura ta malale a ƙasa, na toshe kunnuwana na ruga cikin karan dawa. Baffa Garba, ƙanen Baba, ya karyo kara ya biyo ni. Ina jiyo muryar Dada daga nesa tana cewa, "Ƙyale ta, Garba. Tsufa ne abin ƙyama, ba laifinta ba ne." Da dukan aka yi mini da ya fi mini sauƙi a kan wannan maganar.

Sunan Dada aka sa mini, shi ya sa a gida kowa Ummi yake ce mini, ita kuma takwara. A ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Ita ta koya mini kaɗin auduga da tankaɗe, ita take ɓoye mini ƙanzo in na dawo daga Islamiyya, ita take tsefe mini kai tana ba ni labarin zamanin da babu mota a hanyar Ajingi. A duk gidan babu wanda nake so kamarta, kuma a duk gidan babu ƙarar da take tayar mini da hankali kamar taunar goronta.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ba kowace ƙara ke damuna ba. Nakan tsaya a gaban injin niƙa ana markaɗe ko a jikina. Ina son lugude, ina son tsawar damina, a dandali kuma ni ce mai ba da waƙar gaɗa da muryar da ta fi ta kowa. Amma a ce wani ya zauna kusa da ni yana tauna, ko yana kurɓar koko, ko yana gurgurar ƙashi, to an gama da ni. Gidanmu kuwa gidan taro ne, kwano ɗaya ake zuba wa 'yan mata, kwano ɗaya na samari, kowa ya tsuguna ya sa hannu. Na ƙware wajen ƙirƙiro dalili. Yau cikina ke ciwo, gobe zan je ba awaki dusa, jibi na ƙoshi. In an watse sai in kankare abin da ya rage a tukunya in ci a bayan rumbu. A makaranta ma haka. In aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka yi wa masu tallan rake da aya da goruba caa, ni sai in zagaya bayan aji in yi ta carafke ni kaɗai. Da 'yan ajinmu suka gane, sai wasu suka riƙa tauna cingam suna ƙas-ƙas a ƙeyata don su ga na zabura. Sun sa mini suna Gimbiya, wai na fi ƙarfin cin abinci da talakawa.

Kowa da fassararsa. Inna ta ce sangarta ce, Dada ta lalata ni. Maƙwabta suka ce iska ce, an gamu da ita a gindin tsamiya. Baba, wanda manomi ne kuma yana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, ya yi mini rubutu na sha, ya yi mini tofi, ya koya mini addu'ar da ake yi in fushi ya taso. Amma bai taɓa cewa ƙarya nake ba. Mutum ne mai lura. Wata rana yana alwala a tsakar gida ya hango ni ina cije leɓe har ya yi jini saboda ƙanena na shan rake a kusa da ni, ban motsa ba don kada a ce na yi rashin kunya. Na ji shi daga baya yana ce wa Inna, "Mai sangarta ba ta cizon kanta. Yarinyar nan wahala take sha."

Dada kuwa, tun ranar gona, ta daina cin goro a gabana. In za ta ci abinci sai ta aike ni wani wuri, ko ta juya mini baya ta fuskanci bango. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Haka muka zauna a ɗaki ɗaya, tana ɓoye mini bakinta, ina ɓoye mata kunyata.

Da na kai aji shida sai na ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, ni kaɗai a unguwarmu. Murna ba ta daɗe ba, domin Inna ta kawo tambayar da kowa ke gudu: wadda ba ta iya zama da 'yan gidansu a kan kwano, yaya za ta yi a ɗakin cin abinci mai cike da ɗalibai? Ta ce gara in haƙura da a koro ni. Ranar kasuwa Baba ya ɗora ni a bayan babur muka tafi asibiti a Gaya. Likita ya haska kunnuwana, ya yi mini tambayoyi, ya ce kunne lafiya lau. Sai ya ce akwai masana halayyar ɗan Adam a wani asibiti a Kano, waɗanda maganinsu zama ne da tattaunawa, ya ba da shawara mu je.

A nan gida ya rabu biyu. Baffa Garba ya ce wannan ai wurin masu taɓin hankali ne, in labari ya bazu a Toranke an ɓata wa yarinya suna ke nan har abada. Ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji mini, kuma mutane da yawa sun goyi bayansa. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Da ƙafarta ce ta karye da mun kai ta wajen mai ɗori kowa yana gani. Wannan ma ciwo ne, kuma Allah bai hana neman magani ba." Ranar da za mu tafi bai bi ta bayan gari ba. Ta gaban masallaci muka wuce, duk wanda ya tambaya sai ya faɗa masa inda za mu. Ina biye da shi da sabon hijabina, ban taɓa ganin tsayinsa kamar na ranar ba.

Daga Ajingi muka shiga bas. Wadda muka gani a asibitin wata mata ce mai sanyin murya, Malama Binta. Na zaci allura za ta yi mini, sai ta ce in ba ta labarin ƙarar da na fi tsana da wadda na fi so. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni yadda nake ji a jikina, ba dalilin da ya sa na yi kaza ba. Da na gama ta dubi Baba ta ce, "Malam, 'yarka ba ta da taɓin hankali, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Da Turanci ana ce masa misofoniya. Wasu ƙananan sautuka ne jikinta yake ɗauka kamar an kawo mata hari." Ta ce ba ta yi mana alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, amma ana koyon zama da shi. Sai na tambaye ta abin da ya fi ci mini rai, na ce ko hakan na nufin ina ƙyamar kakata. Ta ce, "A'a. Sau da yawa na kusa da mutum ne ƙararsu ta fi damunsa, domin da su yake zama." Na yi kuka a ofishin nan har Baba ya rasa inda zai sa idonsa.

Muka riƙa komawa lokaci-lokaci, tun ana zafin bazara har shuka ta kai gwiwa. Ta koya mini in gane fushin tun yana tasowa, daga kafaɗuna da muƙamuƙina, in saki jiki, in ja numfashi a hankali. Ta koya mini in kai kunnena wani wuri da gangan, ga kukan kurciya ko dakan maƙwabta. Ta koya mini in ce a raina, tsohuwa ce take cin abincinta, ba da ni take ba. Ta kuma ce wa Baba kada a tilasta mini zama, in abin ya yi yawa in nemi izini in tashi, in na huce in dawo. Sannan ta ce tana so a ɗauko mata ƙarar taunar Dada a waya, don in riƙa saurara ina rage ta ina ƙara ta da hannuna, ina haɗa ta da sautin da nake so.

Baba ne ya je ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa da goro a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ya yi mata bayani yana sunkuyar da kai. Dada ta dube shi ta dubi wayar ta ce, "Ni ban je Kano ba tun rasuwar mahaifinku, yau taunata ce za ta je?" Ta yi dariya har da hawaye, ta karɓi goron ta ɓantara, ta tauna masa da kyau. Daga nan ta ɗauki aikin kamar nata. Da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ni kuma in zauna can bakin rumbu ina ɓarar gyaɗar iri. In na ɗaga mata hannu ta ci goro, in na sauke ta tsaya cak, goron a kumatu. Wata rana in matso, wata rana in gudu. Ba ta taɓa gajiya ba, kuma duk yaron da ya yi dariya sai ya gamu da sandarta.

Ana gobe zan tafi makaranta, Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Na ɗauki kwanon Dada na kai mata, maimakon in fita sai na wanke hannu na zauna. Ta kalle ni, ta yi bismilla. Miyar kuɓewa ba ta ciwuwa shiru, balle ga mai ƙarancin haƙora. Muna tsakiyar ci abin ya taso mini kamar yadda ya saba. Na yi duk abin da aka koya mini, ya lafa, ya sake tasowa. Na ce, "Dada, bari in sha ruwa." Na fita na tsaya a gaban randa har fushin ya sauka, sannan na koma na zauna a wurina. Ta ce, "Kin dawo, takwara?" Na ce, "Na dawo." Ta turo mini ɓangaren da ya fi miya, muka cinye tas. Washegari Baffa Garba ne da kansa ya ɗaure akwatina a babur ya kai ni Ajingi, yana faɗa wa duk wanda muka gamu da shi cewa 'yarsu ce za ta makarantar kwana.

Na yi karatuna na gama. A ɗakin cin abinci nakan zauna a bakin layi kusa da ƙofa, wata rana in tashi in dawo, amma ba a taɓa koro ni ba. Yanzu ina koyarwa a Gaya, ina da 'ya'yana, kuma har yau akwai ranar da kurɓar shayin maigidana take sa in miƙe in leƙa waje. Dada ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta. Gidan Toranke ya ragu, an yanka shi da katanga, in na je ziyara kowane yaro da farantinsa, yana ci yana kallon waya, babu mai jin taunar wani. Da a irin wannan zamanin na taso da wataƙila ba wanda zai gane ina da matsala, da kuma ban san irin mutanen da Allah Ya ba ni ba. Ban warke sarai ba, amma a gidanmu ba a bar ni a bayan rumbu ba.