Wuƙar Farko ta Ibram Mai Fata

Mutanen Nguru suna ce masa Ibram Mai Fata. Ni matarsa ce, Fadimatu, kuma shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kama sunan nan a gabansa ba. Malam nake cewa, ko da yake karatun nasa bai wuce izu biyar ba. Yanzu da ba ya nan, bari in faɗa in more.

Babarbare ne gajere, mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Aikinsa zaɓen fata a siton wani attajiri ɗan Kano, can bayan tashar jirgin ƙasa. In aka kawo fatar akuya ko ƙirgin saniya, sai ya ɗaga ta ga rana, ya shafa, ya shinshina, ya jefa ta inda ta dace, ba ya duba fata sau biyu. In kaya sun taru jirgi ya kwashe zuwa Kano. A lokacin jirgi yana zuwa, garin yana da rai, in ya yi kuka har akuyoyin unguwarmu sai sun ɗaga kai. Shi kuma Malam in ya taso daga aiki tun daga bakin layi nake jin warinsa, kafin sallamarsa ta iso na riga na ɗora ruwan wanka.

Abin dariyar shi ne mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kai wa maƙwabci, ya juya baya. Amma ba abin da yake so a duniya irin wuƙa. Fulanin da ke kawo fata sito, kowa da wuƙarsa a damtse, cikin kube mai zoben fata da ake zura hannu, riga ta rufe. Da sun miƙa hannu za su sauke kaya, ƙotar ta leƙo, shi ke nan hankalin Malam ya tafi. Kullum yana ce mini wata rana zai jera su a bangon zaure, iri-iri, na Fulani, na Tubawa, na Bade. In ce masa, “Malam, ka fara da yanka mana zakaran Sallah tukuna.” Sai ya yi murmushi ya ce ni ban san kyau ba.

A 1983 annobar bushiya ta shigo ta yi ta kashe shanu, fari kuma ya biyo bayanta ya ƙarasa abin da ta rage. Ƙiraga suka cika sito har ana jibgewa a waje. Malam ba ya son a faɗa, amma shekarar da Fulani suka tsiyace ita ce shekarar da muka sa wa ɗakinmu kwano. Abin da ya ragu bayan rufin, ɗan kaɗan ne, shi ya ɗaure a aljihu ya hau a-kori-kura zuwa kasuwar Gashua, wai zai sayo wuƙarsa ta farko.

Labarin ranar nan na ji shi ya fi sau ɗari. Ya fara da rumfar masu kawo kaya daga Nijar, ya ga na Tubawa masu azurfa a ƙota, da aka faɗa masa kuɗin sai ya ajiye a hankali ya yi godiya. Ya koma wajen masu talla a tasha, nasu sai walƙiya da jan kube da tuntu. Shinshinawa ɗaya ya gane kwali ne aka lulluɓe da fatar tunkiya, ruwan wuƙar kuma da ya danna da babban yatsa sai ya lanƙwashe. Wajen maƙera ya sami masu kaifi, na ƙarfen sifirin ɗin mota, daidai aljihunsa, amma ɗinkin kuben ya ɓata masa rai. Mai sana'ar fata ne, ba zai rataye wannan kwaɓa a zaurensa abokan aikinsa su gani ba. Haka ya yi ta zagaye har azahar.

Da ya gaji ya nufi wata tsamiya kusa da kara, wato kasuwar dabbobi, inda a da ba ka samun wurin sa ƙafa saboda shanu. Ranar nan karar fayau take. A gindin tsamiyar ya tarar da wani Bafulatani dogo, ramamme, zaune da wuƙa a kan cinya. Kuben tsoho ne, ya yi baƙi saboda gumi da man shanu, an ɗinka shi da jijiya, ɗinki ƙanana a jere. Malam ya ce tun daga nesa ya san ita yake nema.

To, tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kaka da kakanni. Duk inda suka haɗu, ko ba su san juna ba, kowa bawansa yake kiran ɗan'uwansa, a yi ta zolaya, ba mai fushi. Malam kuwa gwani ne a nan.

Ya ce, “Kai bawana, wa ya ba ka izinin zama a inuwar ubangidanka?”

Da a ce lokacin lafiya ne, da ya sha amsa mai zafi. Mutumin sai kawai ya matsa ya ba shi wuri. Suka gaisa, ya ce sunansa Bobboi, daga wajen Jakusko yake. Malam ya karɓi wuƙar ya zare, ruwanta siriri saboda yawan wasawa, ba tsatsa ko ɗigo.

“Ta sayarwa ce?”

“Ta sayarwa ce.”

“Me ya raba ka da ita?”

Bobboi ya karɓa ya zura hannu cikin zoben, ya tura shi har damtse, ya saki. Zoben ya zamo ya sauko wuyan hannu saboda rama. Ya ce, “Ka gani. Ba ta zama.”

Akwai basilla da zaren fata a aljihun Malam, ba ya rabuwa da su. Ɗinki biyu zai yi ya tsuke zoben. Ya sani sarai, ya ja bakinsa ya yi shiru. Maimakon haka sai ya ci gaba da wasan, ya taya ta kuɗin da ko kuben ba za su saya ba, yana cewa ai kayan bawa na ubangidansa ne. Jira yake mutumin ya zage shi, a ja, a daidaita a tsakiya kamar yadda aka saba.

Bobboi ya ce, “Kawo.”

Malam ya dawo gida yana rawar jiki, ya kafa ƙusa a zaure ya rataye ta, ya kira maƙwabta kallo. Kwana uku yana murna. A na huɗu na kai masa tuwo na tarar ya zuba mata ido, ya ce, “Fadimatu, na cuci mutumin nan.” Na ce ai ciniki aka yi, ba ƙwace ba. Ya ce wasa da wanda ba ya iya ramawa ba wasa ba ne. Na ji haushinsa a lokacin, don ni tuwona da ke hucewa nake ji.

Bangon ya ci gaba da cika. Cikin shekara huɗu ya tara goma sha tara, har da ta Tubawan da ya taɓa ajiyewa. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya sauke su ya shimfiɗa a tabarma, ya goge kowace da man gyaɗa. Sai dai tun daga ranar nan bai ƙara taya wuƙa ƙasa ba, abin da aka faɗa shi yake biya. 'Yan kasuwa suka gane, suka yi ta cin sa, ni kuma ina ta masifa a banza. Kuma duk tafiyar da zai yi sayen fata, Gashua ne, Jakusko ne, Dapchi ne, sai ya naɗe ta farkon a tsumma ya sa a jaka, yana tambayar Bobboi. So yake ya mayar masa da abarsa hannu da hannu. An kai shi wurin Bobboi har guda shida, wani makaho, wani ma yaro ne bai yi gemu ba.

A daminar 1988, wadda aka yi ruwa har ya yi yawa, muka je Gashua sunan jikar yayata. Da hantsi muna tsakar gida ana ta girki, sai wani mai ga-ruwa ya yi sallama, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, ya shiga juye wa randuna. Malam yana bakin zaure tare da maza, cikin farar rigarsa ta zuwa biki. Sai na ga ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Na bi inda yake kallo, na gane Bobboi ya gani tun kafin ya yi magana.

Ya tare mutumin a ƙofar gida. Ni ma na yafa mayafi na laɓe a soro, don ba zan bari a ba ni labarin wannan ba. Malam ya buɗe jakar nan, wadda ko a wannan tafiyar bai bar ta a gida ba, ya warware tsumman.

“Malam Bobboi, ka gane ni? Ga wuƙarka. Shekara huɗu ina nemanka. Na saye ta a wulaƙance, ka yafe mini.”

Bobboi ya sauke garwa. Ya dubi Malam, ya dubi wuƙar, bai miƙa hannu ba.

Ya ce, “Na gane ka, Babarbaren tsamiya. Ba ka cuce ni ba. Da ba ka zo ba ranar nan, a kogi zan jefa ta.”

Bobboi ya ci gaba da cewa:

“Shanu arba'in da biyu ne da ni. In saniya ta kwanta ba za ta tashi ba, dole ka yanka kafin ta zama mushe. Da wuƙar nan na yanka su duka, ni da hannuna. Ta ƙarshe tsatson saniyar da mahaifiyata ta ba ni ranar sunana ce. Na kira ta, ta ɗago kai ta amsa, na yanka.” Ya kau da kai. “Mayar da ita jaka, don Allah. Ba na son ganinta.”

Malam ya naɗe ta ya mayar. Bobboi ya sunkuya zai ɗauki sandarsa, saura gida biyar bai kai wa ruwa ba. Sai Malam ya riga shi, ya saɓa sandar a kafaɗa da garwa biyun, ya ce, “Wuce gaba ka nuna mini rijiyar.”

Bai ci abincin suna ba. Sai bayan la'asar ya dawo, farar rigar nan jiƙe sharkaf da laka har gwiwa, kafaɗarsa ta saɓule. Yayata ta ce mijina ya zare, dangi suka yi ta dariya. Ni da na saba yi masa tsiya ban taya su ba. Na gasa masa kafaɗar da ruwan zafi ina kuka, kuma duk zamanmu ban taɓa son sa kamar ranar nan ba.