Ni Ne Monitan Malam Tanimu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko ƙofar shago ban gama buɗewa ba, aka kira ni a waya wai Malam Tanimu ya rasu.

Na ce wane Malam Tanimun? Sai ka ce biyu ne.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Har yanzu da ƙasa a gwiwar wandona, kuma akwai abin da ke ci mini rai. Idan ban faɗe shi ba, ba zan iya cin abinci ba.

Yawancinku da Honorabul kuka san shi, ɗan majalisar jiha da ya daɗe a kujera har yaran da aka haifa a zangonsa na fari suka girma suka jefa masa ƙuri'a. Ni malamina ne. Shi ya koyar da ni a firamaren Mainika, bayan ya koyar a Garo da Dugabau an dawo da shi wajenmu.

Shi ya naɗa ni monitan aji. Ranar da ya miƙo mini alli ya ce, "Idan na fita, kai ne ni," ban taɓa jin girma irin na ranar ba, har ranar aurena.

Daga nan sunana na yanka ya ɓace a bakinsa. Na yi gemu, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma a wajen Malam ni Monita ne.

Da ya ajiye koyarwa ya shiga siyasa, mutane cewa suka yi shi ke nan, ya gaji da ƙurar alli, zai je ya huta. Ina hutu! A majalisa har tsokanarsa suke yi da Malam Kwano, don duk maganar da aka ɗauko, ko ta taki ce ko ta hanya, sai ya kewayo da ita kan ajujuwan da iska ta yaye wa kwanon rufi. Idan ya zo gida kuwa, sai kawai a gan shi a bayan aji a zaune kan benci, malami na koyarwa yana zufa.

A wajen kamfen, idan hayaniya ta yi yawa, ba ya ɗaga murya. Waigowa yake yi ya ce, "Monita, ajin nan ya cika surutu."

Sai in miƙe. Wallahi ko lasifika ba na nema.

Da rikici ya raba jam'iyya, aka so a ture shi a zaɓen fid da gwani, wasu sun gudu da sassafe sun dawo da yamma. Ni ko tambayar inda za mu ban yi ba, na bi shi.

Ban taɓa samun muƙami ba. Ban taɓa samun kwangila ba. Yaran da ke riƙe masa waya sun yi motoci a gabana, kuma ba zan ce abin bai taɓa sosa mini rai ba. Amma duk sanda na ga ɗayansu yana hura hanci, sai in ce a zuciyata: kai dai sunanka yake kira kamar kowa.

Lokacin da mahaifiyata ke jinya, ya baro Kano ya zo har Mainika, ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta. Ya ce mata, "Inna, ɗan nan naki ya fi ni iya tsawa, ni dai na fi shi albashi ne." Ta yi dariya har da tari. Ita ce dariyarta ta ƙarshe da na ji.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne, a gidansa na Gwarzo. Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Ya sa aka kawo mini fura ya ce in sha a gabansa, tunda shi likita ya hana shi. Da zan tafi ya riƙe hannuna.

"Monita, na ji kamar an kusa kaɗa ƙararrawa. Idan na fita, ka kula da ajin."

Na ce haba Malam, ai yanzu aka shiga darasi. Ya yi murmushi. A mota na yi kukana.

To ga abin da ya faru yau.

An yi salla a ƙofar gida, jama'a har bakin titi. Kafin a ɗauki makara, babban ɗansa Auwalu ya ɗaga hannu ya ce, "Baba ya bar wasiyya. Ya ce Monita ne zai sa shi a kabari."

Na miƙe ina naɗe hannun riga. Ina kuka, amma Allah ya sani har da daɗi a ciki. A gaban manya, a gaban 'yan majalisa, a gaban masu riƙe waya.

Sai na ga wani ya miƙe a hannun damana. Alhaji Sale na Garo, mai sayar da hatsi. Na waiga hagu, ga Haruna tela na Dugabau shi ma yana cire hula yana sawa a aljihu.

Na ce, "Alhaji Sale, lafiya? Monita aka ce."

Ya ce, "Na ji, Malam Lawan."

"To zauna mana."

Bai zauna ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne monitan ajinsa na farko a Garo."

Jama'a, ni da na yi makaranta, ni da na san kowane aji da monitansa, kowace shekara kuma sai an sake, wallahi ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa mutumin da ya koyar a garuruwa uku zai yi monita fiye da ɗaya. Waɗannan mutane na san su shekara da shekaru. Duk Salla muna haɗuwa a zauren Malam, muna cin tuwo kwano ɗaya. Alhaji Sale, Sale kawai Malam yake ce masa. Tela ma Haruna yake ce masa.

Auwalu ya rasa yadda zai yi, ya shiga cikin gida ya tambayi Hajiya, matar Malam. Muna tsaye mu uku kamar yaran da aka kama suna surutu. Ya fito ya ce, "Hajiya ta ce duk ukun yake nufi. Na Garo ya riƙe kai, shi ne babba."

Haruna aka ba tsakiya.

Ni ƙafa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tun daga gida har maƙabarta ina bin makara ina kallon ƙeyar Alhaji Sale. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba, amma yau ji na yi kamar ya shiga shagona ya zauna a kujerata. Kishi ne, na sani, kuma a wajen jana'iza. Na yi ta istigfari, abin ya ƙi sauka.

Muka durƙusa muka sa shi. Alhaji Sale ne ya gyara masa kwanciya ya fuskantar da shi gabas. Ni na riƙe ƙafafun, ba su da nauyi ko kaɗan.

Da aka gama rufewa aka yi addu'a, na kasa haƙuri. Na ja Alhaji Sale gefe.

"Alhaji, kai ma ya ce maka ka kula da ajin?"

Ya ce, "Ya ce."

Na ce, "To me ya sa duk shekarun nan ban taɓa jin ya kira ku Monita ba?"

Ya dubi Haruna, Haruna ya dubi ƙasa. Sannan Alhaji Sale ya ce, "Yana kiranmu, in ba ka nan. Tun farkon shigarsa siyasa ya tara mu ya ce, 'Na Mainika kishi gare shi. In yana wuri, ku bar masa sunan.' Ko a waya ne, in ya ji ka yi sallama, sai ya koma Sale."

Ashe duk sun sani. Hajiya ta sani. Direba ma ya sani. Tsawon rayuwar siyasarsa, mutumin da ke fama da majalisa da jam'iyya da jama'ar gari guda, bai taɓa yin suɓutar baki a gabana ba, ko sau ɗaya, don kada raina ya ɓaci.

Na zauna a ƙasa a wurin. Alhaji Sale ne ya ɗaga ni, kuma ban ce masa na gode ba. Gobe zan je Garo in ce masa, in na iya.

Har yanzu ina jin haushin kan nan da aka ba shi. Malam ya san haka zan ji, kuma yau ba ya nan balle ya ɓoye mini.

Ya Allah ga bawanka Tanimu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya koya wa riƙe fensir da kowane aji da ya sa aka rufa. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini nawa. Ka ba Hajiya da Auwalu da sauran iyali haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce sai ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya. In kuma da saura, ku haɗa da ni, Allah ya sanyaya mini zuciya.