Kwalin da Ya Isa Gida Ba Mai Shi

Ban taɓa iya cire wata ranar Talata daga raina ba, ranar da wani tsoho ya riƙe hannuna ya roƙe ni in yi shiru, ni kuma na yi. Ku ƙannena da kuka shigo aikin kula da tsofaffi kwanan nan, kun sha cewa na cika tsanani a kan maganar rahoto. To ga dalilin.

A lokacin ina shekarata ta uku a aikin. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kamfani ne ke tura ma'aikaciya gidan tsoho ko maras lafiya. Tana isa za ta buga waya daga gidan don ofis ya san ta kama aiki, in za ta tashi ta sake bugawa. A jikin firij akwai takardar da nas ta rubuta mai ɗauke da duk abin da za a yi masa: wanka, abinci, tuna masa magani, riƙe shi ya ɗan taka. Mu ne a ƙasan kowa. A samanmu akwai mai raba aiki a ofis, sannan nas mai duba mu. Doka ɗaya ake nanata mana tun ranar farko: in tsoho ya faɗi, kin gani ko ba ki gani ba, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, ki kira ofis nan take.

Nas ɗin da ke kaina Anti Rabi ce, Bahaushiyar Zangon Kumasi, mace mai faɗa tana dariya. Ita ta raka ni gidan tsohon nan a unguwar Queens. Muna hawa bene ta ce, "Hadiza, tsohon nan lauya ne fa. Bakinshi ya ninka naki goma. Kar ki yarda ya yi miki shari'a a ka." Na yi dariya, na ɗauka raha ce.

Mutumin ƙasar Filifin ne, ya haura tamanin. Yana zaune da 'yarsa, Madam Tess, wadda ita ma nas ce a wani asibiti, shi ya sa yininsa yake hannuna. Da na gaishe shi na ce masa Mista, sai ya ɗaga yatsa.

"Mista ai na kowa ne. Ki ce Mayo."

Ashe a wajensu wanda ya taɓa riƙe gari, sunan ba ya rabuwa da shi har kabari. Na ce masa mu a Hausa Magajin Gari muke cewa. Ya sa na maimaita sau uku, ya rubuta a bayan takardar magani. Tun daga ranar haka nake kiransa, shi kuma yana ce mini iha, wato 'yata.

Daga unguwar Soundview nake tasowa, jirgin ƙasa biyu nake hawa, kuma abokan tafiyata su ne littattafan soyayya da ƙanwata ke aiko mini daga Kano. Wata rana ya ga ɗaya ya leƙo daga jakata, ya tambaye ni labarin.

"Kullum suna yin aure a ƙarshe?"

Na ce, "Kusan kullum, Magajin Gari."

Ya ce, "To marubutanku ba su taɓa shiga siyasa ba."

Da kaɗan-kaɗan ya ba ni nasa labarin, ina yanke masa farce ko ina shafa masa mai a ƙafa. Yana saurayi sabon lauya ya koma garinsu da ke bakin teku, ya tarar wani attajiri na neman killace gaɓar da masunta ke jawo kwale-kwalensu. Ya tsaya musu a kotu kyauta. Wata malamar firamare mai suna Pilar ce ke buga masa takardu bayan an tashi daga makaranta. Suka yi nasara. Masuntan nan su suka zaɓe shi magajin gari, suka sake zaɓensa, suka kuma sakewa. Rigar da ya sa ranar rantsuwa ta farko, fara shara-shara mai aiki a ƙirji irin ta manyansu, Pilar ce ta ɗinka da hannunta. Kowa a garin ya san aure za su yi.

Daga nan jam'iyya ta kira shi babban birni. Ya auri 'yar wani jigo, ya shiga majalisa, daga baya aka naɗa shi ministan yawon buɗe ido. Aikin minista shi ne ya jawo baƙi su zo su kashe kuɗi, shi kuwa duk ƙasar bai san gaɓar da ta kai ta garinsu kyau ba. Ya sa hannu aka gina otal-otal a kanta. Aka kwashe masunta aka mayar da su bayan tsauni.

"Gaɓar da na ƙwato musu da bakina, iha, ita na karɓe da alƙalamina. Har lambar yabo aka ba ni."

Tun daga lokacin Pilar ba ta sake ce masa uffan ba. Ba ta yi aure ba. Tana nan da rai, idanunta sun yi rauni. Matarsa kuwa ta daɗe da rasuwa. Ku da kuka san ni, kun san abin da irin wannan labari zai yi wa zuciyata. Na daina ganinsa a matsayin wanda nake wa aiki. Na riƙa ganin littafi ne da saura babi ɗaya, kuma ni ce a tsaye kusa da shafin ƙarshe.

A tsakiyar falon akwai wani ƙaton kwali da ya kai mini ƙugu. Al'adarsu ce: wanda ke ƙasar waje yakan yi watanni yana tara kaya a ciki, naman gwangwani, sabulu, cakulan, takalma, man goge baki, sai a naɗe shi da salatif a ba jirgin ruwa, ya yi wata biyu a hanya ya isa gida kafin Kirsimeti. Kowane abu da sunan mai shi a liƙe. Ni nake rubuta sunayen saboda hannunsa na rawa, kuma yawancinsu 'ya'ya da jikokin masuntan nan ne. A bana kuma ya ƙudura zai bi bayan kwalin da kansa, ya tsaya a gabansu ya nemi gafara. Madam Tess ta gindaya masa sharaɗi a gabana, domin yana shan maganin da ke hana jini daskarewa, wanda faɗuwa ɗaya na iya sa jini ya zuba masa a ciki.

"Papa, in ka kai Disamba ba ka faɗi ba, ni da kaina zan kai ka. In ka faɗi ko sau ɗaya, maganar ta mutu."

Ranar Talatar da nake faɗa muku, sanyi ya fara shigowa, saura kwana biyu masu ɗaukar kwali su zo. Ina kicin ina dama masa faten shinkafa da citta, sai na ji tim. Na ruga ɗaki. Yana zaune a ƙasa gaban durowar kaya, ƙaramar kujera ta kife a gefe, ga farar rigar nan a hannunsa. A saman durowa take ajiye, shi ne ya hau ɗauko ta. Na shafa kansa na ji ɗan ƙullutu a bayan kunne, bai kai ƙwan zabuwa ba. Babu jini. Na ciro waya.

Ya riƙe mini wuyan hannu. "Wa za ki kira?"

"Ofis, Magajin Gari. Doka ce."

"Kin gan ni na faɗi?"

"Na ji ƙara."

"Ƙarar kujera kika ji. Shaida ba ta faɗar abin da idonta bai gani ba. Kin shigo kin samu tsoho a zaune yana duba rigarsa, ko ba haka ba?" Har da murmushi. Da ya ga ban mayar da wayar ba, murmushin ya ɗauke. Ya ce rigar yake so ta riga shi isa hannun Pilar. In ta dawo da ita, ya san matsayinsa. In ta ajiye, ya san zai iya taka ƙofar gidanta. "Ba ni da wata shekarar, iha. Ke ma kin sani."

Akwai gaisuwar da jikokinsa ke yi masa in sun zo, su kama hannunsa su ɗora a goshinsu. Yaro ke yi wa babba, ba a juya ta. Tsohon nan, wanda ya yi minista, ya jawo hannuna ya ɗora a goshinsa, ya sunkuyar da kai. Wallahi har yau ina jin ɗumin goshin nan a bayan hannuna.

Na mayar da wayar aljihu. Na ɗaga shi, na sa masa ƙanƙara, na ninke rigar na liƙa mata sunan Pilar. A takardar yini na rubuta cewa babu wani canji.

Laraba ya ce kansa na ɗan sarawa, ya ce karatun jarida ne. Na ƙara masa filo. Alhamis masu kwali suka zo, yana zaune yana ba su umarni kamar yana ofis, fuskarsa fes. Bayan sun tafi na kawo masa abinci. Ya dube ni ya kira ni Pilar. Cokali ya suɓuce daga hannunsa, ya kasa ɗauka. Na kwantar da shi, kafin la'asar na tashe shi bai tashi ba. A lokacin na yi kiran da ya kamata in yi tun Talata.

A asibiti likita ya fito ya ce jini ne ya taru a cikin kansa. Ya tambaya ko ya faɗi kwanan nan. Madam Tess ta ce a'a, sannan ta juyo ta dube ni. Na ce, "Ranar Talata." Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ubana na bar miki." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aka yi masa aiki, ya rayu. Amma rabin jikinsa ya mutu, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Bakin da ya kayar da attajiri a kotu, ya kayar da ni a ɗakin kwana, ko ruwa ba ya iya roƙa.

Ofis ya bi ƙa'ida. Aka sa na rubuta bayani na sa hannu, aka dakatar da ni, aka cire ni daga gidan, aka ce sai na sake zaman horo kafin a ba ni wani. Anti Rabi ce ta karanta mini hukuncin da Turanci. Da ta gama ta rufe ƙofa ta koma Hausa.

"Ban gaya miki ba? Ban ce kar ki yarda ya yi miki shari'a ba? Da kin kira ran Talata, a ɗauki hoton kanshi, a tsayar da maganin, ya yi fushi da ke ya gaji. Tafiya ta koma baɗi. Yanzu ina baɗin, Hadiza? Ke littafi kike so ya ƙare da daɗi, shi kuwa kanshi jini ke zuba."

Tana kaiwa nan idonta ya kawo ruwa.

Ana saura kwanaki Kirsimeti wayata ta yi ƙara, na ga Madam Tess ce. Muryarta babu fushi babu yafiya. Ta ce kwali ya isa, an raba wa kowa nasa. Ta ce wata 'yar uwarsu ta kira ta shaida mata cewa Pilar ta karɓi rigar, ta wanke, ta sa an goge, ta rataye a bayan ƙofarta, kullum kuma tana aikowa a tambayo mata ranar da jirginsa zai sauka.

"Na ga ya kamata ki sani," ta ce. "In kina so, ki je ki gaya masa. Ni na kasa."

Na same shi a gidan jinyar tsofaffi, a keken guragu, an juya shi yana kallon filin ajiye motoci. Na durƙusa na ce, "Magajin Gari, Pilar ta ajiye rigar." Ya daɗe yana kallona. Leɓensa ya motsa ta gefe ɗaya, babu abin da ya fito. Hawaye ya gangaro ta idon da ke da rai. Na kama hannunsa na ɗora a goshina, kamar yadda ya kamata tun farko, amma hannun nauyi kawai gare shi.

Bai kai ƙarshen sanyin ba. A nan aka binne shi kusa da matarsa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tsofaffin da muke yi wa wanka ba haka aka haife su ba. Wani ya riƙe gari, wani ya riƙe ma'aikata, wata ta riƙe gida mai mutum talatin, kuma duk sun san yadda ake lanƙwasa zuciyar mutum. Za su roƙe ku da abin da ba ku taɓa zaton za a roƙe ku da shi ba, kuma roƙon na gaskiya ne. Ku ji tausayinsu, amma wayar na hannunku kuna dannawa. In sun ƙi ku saboda haka, ku bari su ƙi ku suna magana.

Littattafan ƙanwata har yanzu suna zuwa, kuma ina karantawa a jirgi. Sai dai in na kusa babin ƙarshe nakan rufe. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar Madam Tess ko an sami wanda ya je ya ce wa Pilar ta sauke rigar ba.