Ran Kwamfutar Hamma a Wuyana

Kwamfutar yayana, wanda muke kira Hamma, ta iso gidanmu a Hammadu Kafi cikin buhun shinkafa. Maƙwabcinsa ne ya kawo ta bayan 'yan bindiga sun shiga garin da yake aiki. Shi Hamma bai iso ba, kuma babu wanda ya iya ce mana ga inda ya yi.

Ita ma kwamfutar da rabin rai ta zo. Mai gyara, wani ɗan Ibo da ke kusa da kasuwa, ya ce ma'ajiyarta ta ciki ta mutu murus, hotuna da komai sun tafi. Sai ya zuba mini wata 'yar manhaja marar nauyi a cikin filash ɗin da bai kai ɗan yatsana ba. In na soka shi na kunna, ta tashi sarai, in buga tambayoyin jarrabawar makarantar da nake koyarwa a Nasarawo. In na zare, ta koma faranti. Ga ta da mantuwa: kullum sai ta tashi kamar yau aka haife ta, ba ta san ni ba, ba ta san ranar da ake ciki ba.

Inna ba ta karatun boko, amma kowace safiya sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Ta tashi?" In ce ta tashi, sannan ta je ta ɗora koko.

Matsalar ita ce ni mai yar da abu ce. Rannan filash ya ɓace, muka birkice gida, aka same shi a cikin kwanon gishiri. Cikin haushi na ce, "Inna, wannan fa shi ne ranta. In ya ɓata shi ke nan." Ta dube ni, ta dubi abin.

Ranar Litinin ina sauri ta rataya mini wata sabuwar laya ta jar fata a wuya. Ashe ta kai filash wurin baduku ya ɗinke shi ruf, ɗinki biyu, ko iska ba ta shiga.

"Inna, ta ina zan soka?"

"Ke dai ba zai ɓata ba."

Na yi ta faɗa har bakin ƙofa, na ce in na isa makaranta na farke da reza. Na manta da shingen sojoji da ke kan hanya, inda kowa ke sauka daga keke ya wuce da ƙafa, hannu a sama. A lokacin mace mai hijabi da babbar jaka abin tsoro ce, ni kaina in na ga irina sai in matsa.

Wani soja dogo ya ce in buɗe jaka daga nesa. Ya ga kwamfuta, ya ce cikin gurguwar Hausarsa, "Hajiya, kunna shi." Na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, wasu fararen rubutu suka fito suna ƙyaftawa. Ya ja da baya. Masu keke suka ja da baya. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta ta ruga.

Na ce, "Oga, lafiyarta lau. Ranta ne ke wuyana."

Ban taɓa faɗin magana mafi muni a wuri mafi muni ba. Na yi bayani, na nuna layar, na roƙi reza. Ya ce atafau ba a buɗe laya a gabansa, a garinsu wani ya yi haka ya wayi gari bakinsa a karkace. To in ba a buɗe ba ba za ta tashi ba. In ba ta tashi ba, in ji shi, zan ajiye ta can cikin fili, masu kwance bam su zo su tarwatsa ta.

Nan dariyar ta ƙare mini. Na hango Inna gobe da safe tana leƙowa, ni kuma ba ni da amsa. Tsoro ya kama ni, ba na bindigarsa ba.

Wani dattijo mai keke ya shiga tsakani. Ya ce shi a saninsa laya ba ta kama wanda ya juya mata baya. Aka yi shawara, aka amince. Sojoji suka koma bayan buhunan yashi, dogon ya juya ƙeya, abokinsa yana leƙe da ido ɗaya. Ni kuwa, malamar makaranta guda, na tsuguna a tsakiyar kwalta ina gatsar fata da haƙori, ina tsine wa badukun da ya iya aikinsa haka.

Filash ya fito jiƙe da yawu. Na goge da hijabi, na soka, na kunna. Ta yi 'yan tunane-tunanenta, sannan allo ya haske shuɗi.

Dogon ya matso ya leƙa. "Babu komai ciki?"

"Babu."

"To me ya sa kina kuka? Na waye?"

"Ta yayana ce."

"Ina shi?"

Na faɗi sunan garin. Ya rufe kwamfutar da kansa, a hankali, ya sa mini a jaka, har da jan zif.

Da yamma Inna ta ga yagaggiyar fatar. Na shirya mata faɗa tun a keke, dogo, mai sassa. Ta juya fatar a hannu ta ce, "Amma ta tashi?"

"Ta tashi, Inna. A gaban sojoji ma."

Ta gyaɗa kai. "Gobe zan mayar wa baduku, ya bar mata baki wannan karon. Kar yayanki ya dawo ya tarar mun bar ta ta mutu."

Na haɗiye faɗana. Washegari na tashi da wuri na soka filash, don Inna ta same ta a kunne.